Tumbi, Wake da Tafiyar Ƙasa

 

Da muna yara, in aka ambaci ciwon sukari sai a ce ai cutar Turawa ce. To, ga shi ta iso Turawa ta ƙasar Ƙaraye, ta shiga Rogo, ba ta kuma yi wa kowa sallama ba. Mu kuwa har yanzu in mutum ya ajiye tumbi cewa muke Alhaji ya samu, in amarya ta yi ƙiba mu ce miji ya iya kiwo. Alhali kitsen cikin nan shi ke dakushe aikin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Daga nan sai ciwon sukari, hawan jini na biye. Ku ari tef ɗin tela ku auna ciki daidai cibiya. Namiji ya kai santimita 94, mace ta kai 80, a fara hattara.

Manomin da ke duƙe a gona duk damina bai cika shiga wannan sahu ba. Maganata da mai shago ce, da ma'aikacin ofis, da uwargidan da injin niƙa ya karɓe mata daka, da wanda ko masallacin unguwa sai a kan babur. Aiki ya ragu amma malmalar tuwo na nan yadda take, an kuma ƙara farar shinkafa, taliya, lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu.

A 2002 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan mutum fiye da 3,000 masu ƙiba da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su gyara ci, su yi motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwa ya ragu musu da kashi 58. Masu shan ƙwayar metformin kashi 31 suka samu. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da ɗoriya. Minti 150 kuwa rabin awa ne na tafiya da sauri, kwana biyar a mako.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne batun wake. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, masana a Samaru ta Zariya sun daɗe suna inganta irinsa, mu kuma mu ɗure shi a buhu mu aika Dawanau, mu sayo taliya da kuɗin. Kusan kwatan busasshen wake furotin ne, na waken suya ya haura kashi ɗaya bisa uku. Wake yana jimawa a ciki, ba ya harba sukarin jini kamar farar shinkafa, shi ya sa wanda ya karya da shi ba ya neman ƙari da hantsi. Sai dai mun iya ɓata shi: ƙosai da awara sun sha mai a kasko, ɗanwake yawancinsa fulawa da garin rogo ne, a kuma malale shi da mai. Iyaye mata, a koma alale da faten wake. In garau-garau ne, wake ya rinjayi shinkafa. A rage tuwo, a cike gurbin da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli.

Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kada ya ajiye shi don ya ji wannan lacca, mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likita kafin ya ƙara cin wake. Sauranmu, duk wanda ya haura shekara 40 ya daure ya je asibiti cikin wannan wata a auna masa sukari da jini. In wurin bai yi nisa ba, a bar babur a gida.