Kafin Ka Jona Kayan Kiɗanka: Jawabi Ga Ɗalibai Da Sababbin Ma'aikata



Da yawanmu za a tura mu aiki Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir, kuma na san burin saurayi idan albashi ya fara shigowa: amfilifaya mai kyau da manyan lasifikoki. Yayana, malamin makaranta, ya yi wata takwas yana adashi kafin ya sayi nasa. Daren da aka maido da wuta da ƙarfi, ƙaurin ƙonewa kawai muka ji. Wannan asara ce ta sa na tsaya a gabanku yau.

Wutar ƙasarmu, tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972 har zuwa kamfanonin da suka karɓi rabon wuta a 2013, an tsara ta a kan bolt 230. Amma a karkararmu, inda gari ke manne da gari, taransifoma ɗaya kan ɗauki gidaje masu yawa, ga injin niƙa, ga mai walda. Gwargwadon nisan gidanka da taransifoma, gwargwadon raunin wutar da ke iso maka, musamman bayan magariba. Raunin wuta kan shaƙe sauti, hauhawarta kuwa kan ƙone na'ura. Aikin sitabilaiza shi ne daidaita wannan hawa da sauka.

To, yaya za ka zaɓa? Da farko, sa mai gyaran wuta ya auna wutar ɗakinka da rana da kuma dare, sannan ka nemi wadda aka rubuta cewa tana aiki a ƙasa da mafi raunin awon da kuka samu.

Na biyu, iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai rile, wadda ke canza wuta mataki-mataki. Tana da araha, amma ƙas-ƙas ɗinta kan fito a lasifika. Akwai mai sabo, wadda ƙaramin moto ke juya ta a hankali. Ta fi tsada, ta fi dacewa da kayan sauti.

Na uku, girma. Duba bayan kowace na'ura ka tara watt ɗinsu. In sun kai 400, nemi mai VA 1000, domin ƙarfin sitabilaiza kan ragu idan wuta ta yi rauni ƙwarai. Ka kuma tabbata tana da maɓallin jinkiri, mai hana wuta shiga nan take bayan an maido da ita.

Sai dai kada ka ɗora mata abin da ba ta iyawa. Ba ta tare tsawa, saboda haka da hadari ya haɗo a damina, zare waya daga bango. Gurnanin lasifika kuwa sau da yawa laifin wayar ƙasa ne da ba a haɗa daidai ba, ko inbata mai arha a gidan da ke amfani da sola.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Ware kuɗin sitabilaiza tun kafin ka shiga Sabon Gari taya amfilifaya. In kuɗin bai kai ba, jira wata mai zuwa.