Kamarar da Ta Zauna a Tabarma



An ɗora mana magana a kan yadda mai ba da umarni a fim yake sarrafa kamara har ya taɓa zuciyar mai kallo. Batun yana da faɗi, don haka muka zaɓi fim ɗaya mu tsaya a kansa. Sunansa Tokyo Monogatari, wato Labarin Tokyo, wanda Yasujiro Ozu na ƙasar Japan ya fitar a 1953. Fim ne mara launi, tsawonsa ya ɗan haura awa 2. A 2012, da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta nemi ra'ayin daraktocin duniya, shi suka sa a kan gaba. Shi kansa Ozu ya taɓa riƙe alli, domin ya koyar na ɗan lokaci a wata makarantar ƙauye kafin ya shiga sana'ar fim.

Labarin ba shi da wuyar faɗa. Wani dattijo da matarsa sun taso daga garin Onomichi zuwa Tokyo don su gano 'ya'yansu. Babban ɗan likita ne, 'yar kuwa tana da shagon gyaran gashi, kuma kowannensu hidimarsa ta sha masa kai. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya kore su da baki, sai dai an rasa mai lokacinsu. Wadda ta kula da su ita ce Noriko, matar ɗansu da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Bayan sun koma gida, tsohuwar ta kwanta ciwo, ta rasu.

Abu na farko da ido zai lura da shi shi ne inda aka ajiye kamara. Mutanen Japan suna zama a kan tabarmar da suke kira tatami, sai Ozu da mai ɗaukar hotonsa Yuharu Atsuta suka sauke kamarar ƙasa, kusa da tsayin wanda ke zaune. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Kamarar da ke leƙo mutum daga sama ƙanƙantar da shi take yi, wadda ke ɗaga kai ta dube shi kuma girma take ƙara masa. Ta Ozu baƙuwa ce da aka yi wa shimfiɗa ta zauna cikin iyali. Duk wanda ya taɓa durƙusawa ya gaida dattijo a zaure ya san cewa daga ƙasa ake ganin fuskar mutum da kyau. Sau da yawa kuma ɗan wasan yakan fuskanci kamarar kusan kai tsaye yana magana, sai mai kallo ya ji kamar shi ake gaya wa.

Sa'annan kamarar ba ta yawo. Ana dasa ta, mutane su shigo, su fita, wani lokaci a bar mu da ɗaki ba kowa na 'yan daƙiƙu. Sai a lambun Ueno, ranar da tsofaffin biyu suka rasa inda za su kwana, ta motsa a hankali ta bi gefen katanga har ta iske su zaune. Da a ce tun farko tana ta kai-kawo, da wannan motsin bai zama kome ba. Malamin da ba ya ɗaga murya a aji, ranar da ya ɗaga ta kowa zai nutsu.

Akwai fitowa biyu da muke so mu ɗan jima a kansu. A ta farko, tsohuwar ta fita da ƙaramin jikanta zuwa gaɓar kogi, mijinta na cikin ɗaki yana hango su. Ozu ya nuna mana su daga nesa, 'yan ƙanana a kan tudu, sararin sama ya cinye yawancin hoton. Da aka matso, tana tambayar yaron ko za ta kai lokacin da zai zama likita, shi kuwa yana ta tsinkar ciyawa, bai ko waiwaye ta ba. Ba a cika allo da hawayenta ba. Nisan da ke tsakaninmu da ita shi ya faɗi abin da ke tafe.

Ta biyu a Atami take, garin shaƙatawa na bakin teku inda 'ya'yan suka tura iyayen don su rage wa kansu ɗawainiya. Hayaniyar matasa ta hana su barci. Da safe sai ga su zaune a kan katangar bakin ruwa, cikin riguna iri ɗaya, sun yanke shawarar komawa gida. Da suka tashi, jiri ya ɗebi tsohuwar, ta kasa miƙewa nan take. Kamara ba ta ruga wurinta ba. Ta tsaya inda take, ta bar mu da fargabarmu, har suka ci gaba da tafiya a kan katangar, ɗaya na bin ɗaya.

Hatta rasuwar ba a nuna ta ba. Abin da muke gani shi ne asubahin Onomichi: mashigar jiragen ruwa ba kowa, hanya ba kowa, layin dogo shiru. Muna ganin wannan shi ne kawaici, wanda mu ma muka san darajarsa. Darakta ya kau da kai a inda mai kunya zai kau da kai, sai mai kallo ya cike gurbin da rashin da shi kansa ya taɓa yi. Yawancin finafinan da yaranmu ke kallo a waya ba haka suke ba. Da an zo wurin baƙin ciki sai a tura kamara cikin idon mai kuka, a ƙara sautin kiɗa, a rage gudun hoto, kamar ana tsoron ba za mu gane ba. Wannan ma dabara ce, tana kuma aiki, amma yaron da bai san dabara ce ba, kowa zai iya juya zuciyarsa da ita, mai talla ne ko mai farfaganda. Tambayoyi 2 sun isa a fara da su a aji: ina aka ajiye kamara, kuma me aka ƙi nuna mana?

Ƙarshen fim ɗin ya ratsa ta cikin aji. Dattijon ya ba Noriko agogon marigayiya, ta rufe fuskarta da hannuwa. Autar gidan, Kyoko, malamar firamare ce. Tana cikin darasi sai ta dubi agogonta, ta matsa bakin taga, ta hangi jirgin ƙasan da ke ɗauke da Noriko yana wucewa. A cikin jirgin, Noriko ta buɗe nata agogon tana dubawa. Daga nan aka mayar da mu gida, inda dattijon ke zaune shi kaɗai a gefe ɗaya na hoton yana fifita, wurin zaman matarsa ba kowa, ƙarar ƙaramin jirgin ruwa na shigowa ta taga.