Jawabin ɗanmu mai aikin radiyo a taron ƙungiya na bayan salla

Shugaban ƙungiya, iyayena dattawa, uwayena mata, yayye da ƙanne da kunka taso daga gida da Maradi da Damagaram, ina gaishe ku, Allah shi ba da ladan zumunci.

Shugaba ya ce in tashi in yi bayanin karatun da na ƙare, tunda kuɗin ƙungiya na ciki. Gaskiya tai. Jika 200 kunka ranta mini, na kuwa biya su sau huɗu, takardun na wurin ma'aji.

Da farko in gyara wata magana. Tun da labari ya kai gida ana ce mini lokotoro. Ni ba lokotoro ba ne. Anfirme nike tun da na fito makarantar ENSP ta Damagaram, na yi shekara tara ina allura da wankin miki da gardi. Abin da na ƙaro shi ne lisansi ta aikin ɗaukar hoton cikin jiki, wanda mu duka muke ce ma radiyo. Ni ke tsai da maras lafiya gaban inji, in daidaita ƙarfin hasken, in fiddo hoto mai kyau. Lokotoro shi ke karanta hoton shi rubuta magani. Don haka, Baba, in ka kawo mini hoto gida ka ji na ce mu kai ma lokotoro, ba rowa ba ce.

Abin da ya tura ni, kun san shi. Shekarar da ɗan ƙanena ya faɗo daga amalanke, munka kai shi babban asibitin da ke kusa da mu. Injin na nan sabo, an lulluɓe shi da zane, amma mai aiki da shi an yi mashi canjin wuri, ba a aiko wani ba. Sai anka koma wurin maɗori. Ban raina maɗori ba, ni kaina ya ɗora ni ina yaro. Amma karaya cikin gwiwar hannu, hannu ba ya ganin ta. Yaron ya warke, hannun bai miƙe ba har yau.

Wanga haske wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano shi a 1895. Ido ba ya ganin shi. Shina ratsa nama, ƙashi kuwa shi tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari, huhu mai iska shi fito baƙi. Sikaner, wadda anka fara gwada ma maras lafiya a Landan a 1971, wannan hasken ne dai, amma tana kewaya mutum tana fiddo jikin yanki-yanki kamar an yanka albasa. Eko da ake yi ma mata masu ciki ita dabam ce, da sauti take aiki, babu wancan haske cikinta ko kaɗan. IRM kuma maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, ba a shiga ɗakin da ƙarfe. In munka ce ku tuɓe laya da guru da zobe, ba mu da rigima da layar kowa. Ko a radiyo, inuwarta na iya ɓoye ciwon da ake nema.

Hasken radiyo in ya yi yawa shina cutarwa, kuma rabin wahalar karatun nan take. Muna aiki bayan bango da rigar dalma, da wani ɗan ma'auni maƙale a ƙirji mai ƙidaya abin da jikinmu ya sha, irin na ma'aikatan uraniyum a Arlit. Mace in tana zaton tana da ciki, ta faɗa kafin a ɗauki hoto. Kunya ba ta da wuri a nan.

To, karatun. Lisansi shekara uku ce, zango shida. Waɗansu na zuwa Kwatano, makarantar EPAC ta jami'ar Abomey-Calavi, inda anka daɗe ana koyar da wanga aiki. Ni nan Yamai na yi, don ina da mata da ƴaƴa huɗu, da tsohuwa a gida. Ma'aikacin gwamnati ba ya tashi haka kawai shi tafi lakwal. Sai ka rubuta roƙo, shi bi ta hannun shugabanninka har minista, a ba ka takardar izni. Tawa ta yi wata goma sha ɗaya tana yawo daga biro zuwa biro. Wani abokina ya gaji da jira, ya yi karatun ba takarda, ga diplom a hannu amma albashinsa na nan inda yake. Ƙannena masu niyya, ku jira takarda.

Albashi bai tsaya ba, amma haya a Yamai da kuɗin makaranta sun cinye shi, sai na riƙa kama gardin dare a wani kilinik. In sauka da asuba, in yi salla, in sha koko, ƙarfe takwas ina aji tare da yaran da na girme da shekara goma sha biyar. Lissafi da fizik da na bari tun zamanin kolej su munka fi kokawa da su, na kuwa faɗi jarrabawar fizik sau ɗaya, sai da na maimaita. Wani yaro da ke ce mini tonton shi ya zaunar da ni ya koya mini. Wurin sitaj kuma su ke bi na, don na san yadda ake lallashin tsoho mai jin zafi shi kwanta daidai. Damina biyu ban taka gona ba, ƴan uwa sunka nome mini. Uwar ɗakina ta sai da tumakinta uku ba ta faɗa mini ba sai daga baya.

Yanzu ina da roƙo biyu. Na farko ga samarinmu masu zuwa haƙar zinariya, Jado da sauran wurare, tun 2014. Ƙurar dutse na zama cikin huhu ba ta fita, kuma tana buɗe ma tarin fuka ƙofa. Wanda ya dawo da tari har ya wuce sati biyu, a kai shi a auna majina, in an ce hoton ƙirji a yi. Maganin tarin fuka wata shida ne, kyauta ake ba da shi.

Na biyu ga dattawa. Sau da dama na ga mace ta juya daga ƙofar ɗakin eko don namiji ne ciki, ko maigidanta ya hana. Ga shi eko ce ke nuna tagwaye, ko ɗa ya kwanta gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, tun da sauran lokacin kai mace inda ake tiyata, ba sai naƙuda ta kama ta bisa amalanke ba. Muna da ɗiyan garinmu biyu masu aikin unguwar zoma, ɗaya ta ce mini tana so ta ƙaro karatun eko in gidansu sun yarda. Ina roƙon jikan nan 200 da na maido kada a zuba su cikin kuɗin tabarmi da kujeru, a aje mata su. Ni na ɗauki nauyin littattafai da bin takardarta a birori. Maganar gidansu kuwa ta fi ƙarfina, sai ku iyaye.

Shugaba, in ka yarda a sa maganar ga ɗaga hannu kafin a kawo abinci.