AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Da Gaske Ne Mutum Na Iya Haɗa Roka A Gida?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibin makarantar koyon sana'a a Zariya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da yake cewa: "Na ga hoton waɗansu mutane a Amurka suna ɗauke da roka wadda ta fi mutum tsawo, aka ce wai a kwali suka saye ta suka haɗa da hannunsu. Shin gaskiya ne? Yaya ake haɗa ta, kuma ina take zuwa? In na sami bututun ƙarfe da albarushi, zan iya yin tawa?"

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ba ta jira. Amsar ita ce a'a, kada ka kuskura. Bututun ƙarfe da aka ɗura wa albarushi ba ya tashi sama, tarwatsewa yake yi, kuma wanda ya fi kusa da shi, wato kai, shi zai fara samu. Wannan hatsari ne ma ya haifar da wasan da kake tambaya a kansa.

Ga yadda abin ya faru. A shekarun 1950, musamman bayan Tarayyar Sobiyat ta harba kumbon Sputnik a watan Oktoba na 1957, samarin Amurka sun dukufa wajen haɗa rokoki a bayan gida, suna cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe. Da yawa sun rasa yatsu ko idanu, wasu ma sun rasa rayukansu. Akwai wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta. Tun 1954 ya ƙirƙiro wani ɗan injin roka a cikin bututun takarda, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar. A 1957 ya aika wa G. Harry Stine samfurinsa, shi kuwa jami'in kiyaye haɗari ne a filin gwajin rokoki na White Sands. A shekarar nan suka kafa ƙungiyar da ake kira NAR a yau. Dabarar tasu ita ce: a bar wa masana'anta aikin wuta, mai sha'awa ya tsaya ga gina jikin rokar. Har gobe a kan wannan ƙa'ida mai farawa yake tafiya.

Saboda haka e, gaskiya ne ana sayar da roka a kwali. Kamfanoni irin su LOC Precision da Madcow suna yin manya. Amma in ka buɗe kwalin ba za ka ga inji ba, ba kuma za ka ga ko ƙwayar albarushi ba. Abin da za ka tarar shi ne dogon bututu na kwali mai kauri ko na zaren gilashi, wanda shi ne gangar jiki. Da hula mai tsini ta sawa a kai. Da fukafukai uku ko huɗu na katako ko zaren gilashi. Da wani ƙaramin bututu inda inji zai zauna. Da zobba na katako masu riƙe shi a tsakiya. Da doguwar igiya mai ƙarfi. Galibi kuma da laimar sauka. Rokar da ake farawa da ita kan kai faɗin santimita 10, tsawonta mita ɗaya da wani abu. Manyan kuwa akwai masu kai mita 3 ko fiye, sai mutum biyu sun kama.

Yanzu ga haɗin. Da farko a kan gwada kowane yanki a mazauninsa ba tare da gam ba, a goge inda za a liƙa da samfefa don gam ya kama. Gam ɗin irin mai ruwa biyu ne da ake gaurayawa, dangin Araldite da kafintoci da makanikai suka sani. A liƙa zobban a jikin bututun inji, a ɗaure igiyar laima a wani ƙarfe mai ido da aka ɗaure a zoben gaba. Sai fukafukai. A ƙaramar roka ta yara, a bayan gangar jiki kawai ake manna su. A babba kuwa, gangar jikin tana da tsaga, kowane fiffike yana ratsawa ta ciki har ya dafa bututun inji, a liƙe shi ciki da waje. Dalili shi ne, in roka ta yi gudu, iska na kaɗa fiffike kamar yadda take kaɗa kwanon rufi, in bai kafu sosai ba sai ta fizge shi. Kuma dole kowanne ya miƙe sak. Fiffike ɗaya ya karkace, rokar ta riƙa juyi ke nan kamar katantanwa. Aikin ba na kwana ɗaya ba ne, don kowane liƙi sai an jira ya bushe kafin a taɓa na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan sai batun daidaito, kuma a nan muke so ka kasa kunne da kyau. Dubi kibiya: ƙarfen da ke bakinta shi ke jan gaba, karan yana bi. Haka roka take. Akwai wuri biyu a jikinta da mai haɗi zai sani. Na farko shi ne inda nauyinta ya daidaita, wato inda in ka rataye ta da igiya, da injinta a ciki, ba za ta rinjaya gaba ko baya ba. Na biyu shi ne inda ƙarfin iskar da ke bugunta yake taruwa. Tilas na farko ya kasance gaba da na biyu, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin jikin rokar. In aka samu akasi, rokar za ta tashi ta wuntsila, ta nufi inda ba a aike ta ba. Wani injiniyan NASA, James Barrowman, ya fitar da lissafin gano wannan wuri a shekarun 1960, yau kuwa da manhajar kwamfuta kyauta mai suna OpenRocket ake yi. In gindi ya yi nauyi, sai a ƙara wa hula nauyi.

To, inji fa? Shi daban ake saye, daga kamfanoni irin su AeroTech na Amurka da Cesaroni na Kanada. Man da ke cikin manyan injuna sandararre ne, kamar roba mai tauri, dangin wanda aka yi amfani da shi a rokokin da ke ɗaga jirgin sama jannatin Amurka. Ana jera ƙarfin injuna da haruffa, kowane harafi ya ninka na bayansa sau biyu. B ya ninka A, C ya ninka B, haka har gaba. Daga A zuwa G ƙananan rokoki ne da matsakaita. Daga H ake shiga manya, kuma H ya ninka A sau 128, M kuwa sau 4,096.

Kuɗinka kaɗai ba zai saya maka injin H ba, sai kana neman shaidar ƙwarewa ko ka riga ka samu, daga NAR ko ƙungiyar Tripoli, wadda ta samo asali daga wata ƙungiyar 'yan sakandare a jihar Pennsylvania a 1964. Cikakkiyar shaida ta ɗan shekara 18 ce zuwa sama, kuma hawa uku ce. Hawa na ɗaya ya ba ka H da I. Hawa na biyu, bayan jarrabawa a rubuce, ya ba ka J da K da L. Hawa na uku ya ba ka M da N da O, amma sai ƙwararru sun duba zanenka da yadda ka yi ginin tun kafin ranar harbi. A kowane hawa za ka harba rokar da ka gina a gaban shaidu. Kuma ka san abin da suke dubawa? Su ga laima ta buɗe, rokar ta sauko lafiya, an ɗauko ta ba ta lalace ba. In ta yi nisa kamar me, amma ta dawo a farfashe, ka faɗi.

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tura roka sama aikin inji ne, wanda wani ya ƙera ka saya. Dawo da ita shi ne aikinka. Roka mai kilo 10 da ta juyo daga sama ba laima, tsini a ƙasa, tana iya huda rufin mota, balle kan mutum. Shi ya sa masu manyan rokoki ke sa wata 'yar na'ura mai auna nisa daga ƙasa ta hanyar matsin iska. In rokar ta kai ƙarshen hawanta, na'urar ta kunna ɗan abin da zai raba jikin biyu, ƙaramar laima ta fito. Rokar ta riƙa saukowa da ɗan sauri don kada iska ta kwashe ta zuwa wani gari. Sai ta kusa ƙasa, kamar saura mita 150 zuwa 300, babbar laima ta buɗe, ta dire a hankali. A hawa na uku na'ura biyu ake sawa, kowacce da batirinta, in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi.

Ranar harbi ma da dokokinta. Rokar da ta wuce gram 1,500, ko manta ya wuce gram 125, sai hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba da izinin wurin da nisan da za a kai. Akwai jami'in da ke duba kowace roka, in ya ce ba za ta tashi ba, magana ta ƙare. Da lantarki ake kunna inji daga nesa, bayan an ƙirga daga biyar zuwa ɗaya da ƙarfi kowa ya ji. Injin H, mutane su ja baya kimanin mita 30. Injin M, kimanin mita 150. In iska ta wuce gudun kilomita 32 a awa, a haƙura. In an danna inji bai kama ba, ba mai matsawa sai an jira aƙalla daƙiƙa 60.

Ka kuma tambaya ina take zuwa. Ta mai farawa 'yan ɗaruruwan mitoci take yi, manyan su yi kilomitoci. Ba ta zuwa wata, ba ta kewaya duniya. Sai dai a watan Mayu na 2004, wata ƙungiyar masu sha'awa ƙarƙashin Ky Michaelson ta harba roka mai suna GoFast daga hamadar Black Rock a jihar Nevada, ta kai kimanin kilomita 116, ta haye iyakar kilomita 100 da ake ɗauka farkon sararin samaniya. Amma ita ba daga kwali ta fito ba, aikin shekaru ne na gwanaye.

To, Malam, kai da ke Zariya fa? Ka sani a Nijeriya doka ta hana mallaka ko shigo da abubuwa masu fashewa ba tare da lasisi ba, kuma a halin tsaron da ake ciki, saurayin da aka kama da bututu da albarushi zai sha dogon bayani kafin a yarda wasa yake yi. Shawararmu ita ce ka fara da rokar ruwa. Ka sami gorar lemo ta roba, kada ka yi da kwalba, ka zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, ka yi mata fukafukai da hula, ka hura mata iska da famfon keke a fili, nesa da mutane da wayoyin lantarki, malaminku na tsaye. Duk darasin da muka faɗa yana ciki: miƙewar fiffike, daidaiton nauyi, har da laima in ka ɗinka mata ta leda. Ranar da ka sa ɗanyen ƙwai a cikinta ya hau ya sauko bai fashe ba, ka kama hanya. In sha'awar ta ɗore, ka riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Nijeriya na da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, tana kuma da cibiyar nazarin rokoki a Epe ta jihar Legas.

Da fatan ka gamsu. Sauran masu sauraro, ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, a riƙa rubutu a fili yadda za mu iya karantawa.