Kashin kare da fitilar titi: jawabi kan gaz ɗin metan



A shekara ta 2010, a birnin Kambirij na ƙasar Amurka, wani mai fasaha, Matthew Mazzotta, ya girka tanki a filin da ake yawo da karnuka. A lokacin, mai kare zai kwashe kashin, ya jefa a tankin, ya burga. Da yake iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta suna ruɓar da shi, suna fitar da gaz mai suna metan, wanda ke kunna fitilar filin.

Fitila ɗaya ba ta haska gari. To amma metan ɗin da ke tashi daga bola, cikin shekara 20, ya fi gaz karbonik riƙe zafi wajen sau 80. In an ƙone shi, ɓarnar ta ragu ƙwarai.

A taron Gilasgo na 2021, ƙasashe fiye da 100 sun yi alkawarin rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Shugabanni suka sa hannu, amma bola a hannun magajin gari take. Shi ya kamata masu zaɓe su tambaya inda shararsu take ƙarewa.