Gindiri Da Ikilisiyarmu: Jawabin Kwamitin Tarihi A Bikin Cika Shekara Hamsin

 

Tarihin wannan majami'a, wato yadda aka fara sujada, da yadda aka kai ga wannan gini, da sunayen bayin Allah da suka yi hidima a nan, duk yana cikin wannan ɗan littafi, ba sai mun maimaita ba. Abin da dattawa suka ɗora mana shi ne mu yi magana a kan makarantar da ta ba mu ma'aikata. Gama in kun duba jerin fastocinmu, da masu bishara, da malaman makaranta waɗanda suka riƙe mana ajin baftisma da Makarantar Lahadi a cikin waɗannan shekaru hamsin, za ku ga yawancinsu Gindiri ce ta yaye su. Waɗanda ba su taka Gindiri ba kuwa, ɗan Gindiri ne ya koya musu karatu. Saboda haka ba daidai ba ne mu ci shinkafar jubili mu tashi ba mu ambaci inda aka haƙa rijiyar da muke sha ba.

A shekara ta 1904 ne Turawan mishan na Sudan United Mission, wato SUM, suka iso wannan ƙasa. Su huɗu ne: Dokta Karl Kumm, mutumin Jamus, da Dokta Bateman, da John Burt, da Lowry Maxwell. Suka sauka a Wase. Aikin Wase bai daɗe ba, amma a 1907 aka buɗe tasha a Langtang, daga baya kuma aiki ya shiga ƙasar Birom. A wannan shekara ta 1907 wata ƙungiyar mishan daga Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fara aiki a Panyam, kuma a 1930 aka danƙa wannan aiki a hannun SUM.

To, bayan shekara kusan talatin, sai Turawan suka ga abin da yake a fili. Su kaɗan ne, zazzaɓi yana kayar da su, ƙauyuka kuwa ba iyaka, kowane dutse da nasa yare. In bishara za ta zauna, sai dai ɗan ƙasa ya kai ta. Kowace tasha tana ɗan koya wa yaran da ke kusa da ita karatu, amma babu wuri ɗaya inda za a horar da ma'aikaci sosai. Wannan bukata ce ta haifi Gindiri. A 1934 aka buɗe makarantar a ƙasar Pyem, wadda yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Mangu, kuma William Bristow ne ya fara shugabancinta.

Muna roƙo ku lura da irin mutumin da aka yi nufin fitarwa daga wannan makaranta, domin a nan ne zuciyar jawabinmu take. Ba akawu aka nufa ba, ba kuma mai neman aikin En'e ba. An nufi mutum ɗaya mai ɗauke da abu uku: Littafi Mai Tsarki, da alli, da fartanya. Zai koma ƙauye ya yi wa'azi ran Lahadi, ya tara yara da manya ya koya musu karatu da rubutu a sauran ranaku, ya kuma noma abincinsa da hannunsa, domin ikilisiyar da ba ta kai mutum ashirin ba ba za ta iya ciyar da shi ba. Manzo Bulus ya yi ɗinkin alfarwa domin kada ya nauyaya wa masu bi. Ɗan Gindiri kuwa ya noma acca da dawa. A makaranta ma haka aka reni ɗalibai, aji da gona tare. Magidanta suna zuwa da iyalinsu, matan kuma ba a bar su a bakin murhu kawai ba, an koya musu karatu da kiwon lafiyar yara da tsabtar gida. Iyayenmu na Zumuntar Mata, wannan tarihinku ne. Mata da yawa da suka fara buɗe Littafin Waƙoƙi suna jan waƙa a ƙauyukanmu, matan masu bishara ne da suka koyo karatu a can.

Sa'an nan batun harshe. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekara biyu ke nan kafin a buɗe Gindiri, kuma da Hausa aka fara koyarwa a can. Ku tuna fa, ɗaliban ba Hausawa ba ne. Ga Tarok, ga Birom, ga Ngas, ga Mwaghavul, ga kuma waɗanda sauran rassan SUM suke aikowa daga wajen Numan, da Wukari, da ƙasar Mada. Waɗansu kakanninsu sun yi yaƙi da juna. Suka kwana a unguwa ɗaya, suka ɗebi ruwa a rafi ɗaya, suka yi addu'a da harshe ɗaya. A ganinmu, zumuncin da ya fito fili a 1955 sa'ad da aka kafa Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu muke kira TEKAN, ba a teburin taro aka fara ƙulla shi ba. Shugabannin da suka zauna a teburin, da yawansu sun riga sun san juna tun suna ɗalibai. Mu ma a nan, da muke kabilu dabam-dabam a kan benci ɗaya muna sujada da Hausa, gādon wancan zama ne muke ci.

Shekara huɗu kacal bayan buɗe makarantar, a 1938, aka naɗa fastoci na farko 'yan ƙasa: Toma Tok Bot daga ƙasar Birom, da Bali Falang daga Langtang, da Dauda Lot daga Panyam. Daga ranar nan ba sai an jira Bature ya zo kafin a yi baftisma ko a ci Jibin Ubangiji ba. Matasanmu ba za su gane girman wannan abu ba, domin sun tashi sun tarar da fasto a bayan majami'a. Amma kakanninmu sukan yi watanni suna jira. Fasto Dauda Lot kuma bai tsaya a kan bagade kaɗai ba, ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna yana magana a madadin ƙananan kabilu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zamani ya juya. Iyaye suka fara neman Turanci domin 'ya'yansu, gwamnati kuma ta fara neman malamai masu takardar shaida kafin ta ba makaranta taimakon kuɗi. Gindiri ta bi zamani. Sashen malamai ya girma ya zama kwalejin horon malamai. A 1950 aka buɗe sakandaren maza, a 1953 makarantar makafi, wadda ita ce ta fari irinta a Nijeriya, a 1958 kuma sakandaren mata. Wajen ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor, wanda ya koyar da aikin gona a Gindiri, ya fara shirin nan na Faith and Farm, wanda ya kai garmar shanu da ingantaccen noma ƙauyuka da yawa. A wannan lokaci ne kuma ikilisiyoyin tarayya suka haɗa kai suka kafa kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, domin masu karatun fastanci da Turanci.

Za mu ɗan tsaya a kan makarantar makafi, domin ba a cika ambatonta ba. A wancan zamani yaron da ya rasa idanu, sanda da ƙoƙon bara ne rabonsa. Wannan makaranta ta sa shi a aji, ta koya masa karatu da yatsunsa, ta koya masa sana'a. Ikilisiyar da ba ta da kuɗi ce ta yi wannan, tun kafin gwamnati ta yi tunaninsa. In wani ya tambaye mu amfanin mishan, nan za mu fara nuna masa.

Kwalejin malamai ta ba ƙasa mutane, ba ikilisiya kaɗai ba. Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a Jihar Filato daga 1979 zuwa 1983, a nan ya yi horon malanta, ya kuma riƙe alli kafin ya shiga siyasa. Amma ba manyan sunaye ne suka fi damunmu a yau ba. Malamin firamare ne, wanda aka tura garin da bai san kowa ba. Shi ne yakan nemi masu bi biyu ko uku, ya roƙi aron aji, ya fara sujada. Majami'u da yawa a wannan gunduma ta haka suka fara, tamu ma ba ta fita daga cikinsu ba. Ba wanda ya biya shi domin wannan aiki. An koya masa ne cewa malami da mai bishara mutum ɗaya ne.

Shekarun 1970 sun kawo canji mai girma. Makarantun firamare na mishan suka koma hannun hukumomin ilimi na gwamnati, Turawa suka danƙa aiki a hannun ikilisiya, a 1976 kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, wanda ya bukaci malamai dubbai cikin gaggawa. A 1980 gwamnatin Jihar Filato ta kafa Kwalejin Ilimi ta Gindiri mai ba da takardar NCE. Wannan ta gwamnati ce, ba ta ikilisiya ba, kuma ya kamata a bambanta su, domin mutane sukan haɗa su a baki. Daga baya gwamnatin tarayya ta mai da NCE mafi ƙanƙantar shaidar da malami zai riƙe, aka daina ba da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda muka saba kira Grade II. Da haka tsohuwar kwalejin malamai ta mishan ta gama aikinta na horon malamai, ta koma sakandare. Sashen Littafi Mai Tsarki kuwa ya ci gaba da hawa har ya zama makarantar tauhidi ta COCIN mai ba da difloma da digiri. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta ba COCIN izinin buɗe Jami'ar Karl Kumm a Vom.

Muna godiya ga Allah saboda wannan hawa, ba ma kuma cikin masu cewa a koma zamanin allo da fitilar kwano. Yaranmu suna bukatar digiri, fastocinmu kuma suna tsayawa a gaban likitoci da lauyoyi, dole su yi karatu mai zurfi. Amma dattawa sun ce mu faɗi gaskiya, za mu faɗa. Abu ukun nan da mutum ɗaya yake ɗauke da su a dā sun rabu. Alli ya tafi wurin gwamnati, Littafi Mai Tsarki ya zauna a makarantar tauhidi, fartanya kuwa an jingine ta. Malamin da ya fito da NCE ba lalle ne ya ɗauki kansa ma'aikacin ikilisiya ba, ba kuma laifinsa ba ne, ba don wannan aka horar da shi ba. Wanda ya fito da digirin tauhidi ya yi karatunsa duka da Turanci, wani in aka ba shi sujadar Hausa sai ka ji yana fassara a kan bagade, tsofaffi suna kallon juna. Ga kuma ƙauyukan da ba su iya biyan albashi, waɗanda rikicin da ya auka wa ƙasar Mangu da Bokkos a 2023 ya ƙara tsiyata su. Majami'u sun ƙone, jama'a sun watse, kuma sa'ad da suke komawa, irin ma'aikacin 1934 suke bukata, wanda zai zauna tare da su, ya yi noma tare da su, ya tara yaransu a gindin itace in aji ya rushe.

Mu nan mun sha daga wannan rijiya shekara hamsin. Waɗanda suka koya mana, waɗansu ƙauyuka ne suka biya kuɗin makarantarsu da kwandon acca da kaji da sulai na baiko. Mun gina majami'a, mun gina gidan fasto, mun sayi kayan kiɗa, duka suna da kyau. Amma da muka duba littattafan ma'aji, horon ma'aikata bai taɓa samun layinsa na kansa a kasafin kuɗinmu ba. Abin da aka yi, waɗansu iyalai ne suka yi shi a ɓoye daga aljihunsu, Allah ya sāka musu.

Saboda haka kwamitin tarihi, da yardar dattawa, yana kawo wannan shawara gaban ikilisiya. A keɓe kashi ɗaya cikin goma na baikon wannan jubili ya zama asusun horon ma'aikata, a kuma riƙa ƙara masa da baikon Lahadi ɗaya kowace shekara. Daga asusun a riƙa ɗaukar nauyin ɗalibi, namiji ko mace, zuwa makarantar tauhidi ko kwalejin ilimi a Gindiri. Wanda za a aika ya kasance mai iya karanta Littafi Mai Tsarki da yin wa'azi da Hausa, ya kuma yarda ya yi hidima a ɗaya daga cikin majami'unmu na ƙauye bayan ya gama. In magidanci ne, a taimaki matarsa ita ma ta yi karatu, kamar yadda aka yi tun farko. Za a kawo wannan magana a taron majalisa mai zuwa domin a tsai da ita, wanda kuma yake so ya yi alkawari tun yau sai ya ga ma'aji ko magatakarda bayan an tashi.