Me Ya Sa Wasu 'Yan Kasuwa Ba Sa Karɓar Kowane Kati?

Jawabin da kwamitin kasuwanci ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata

 

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata magana da ta yi yawa a kasuwanninmu. Mai saye ya zaɓi kaya, an yi ciniki, an sallama, ya zaro katin banki, sai mai kaya ya ce masa ba ya karɓar irin wannan. Nan take sai ran mai saye ya ɓaci, yana ganin an raina shi ko an yi masa kallon macuci. To mu da muke zaune a ƙasar wasu mun sani sarai, irin wannan cacar baki ba ta tsayawa a bakin rumfa. Kafin la'asar sai ka ji ana cewa ai Hausawa ba sa karɓar kati, laifin mutum ɗaya ya shafi zango duka. Har ila yau, fatakenmu masu zuwa saro kaya ƙasashen waje su ma sukan dawo da kukan cewa an ƙi katinsu a can. Saboda haka ya kamata mu san dalili, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Dattawan da ke wurin nan sun san yadda ake cinikin shanu a zango tun zamanin kakanni. Falke ya kawo shanu daga Arewa, mahauci ba shi da kuɗi a hannu, sai mai gida ya tsaya masa a ba shi bashi na 'yan makonni. In bai biya ba, mai gida ne zai biya, dillali kuma yana da la'adarsa. To jama'a, kati mai gida ne na roba. Idan ka miƙa shi, banki ne da kamfanin katin suke ce wa mai kaya, ba shi, mu za mu biya ka. Kuma kamar yadda falke ba ya yarda da tsayawar kowane mai gida, sai wanda ya san la'adarsa da ranar biyansa, haka shi ma mai kanti yake auna kati.

Wannan tsari a Amurka ya soma. A 1950 aka fito da katin Diners Club a birnin Niyok, don biyan kuɗin abinci. A 1958 kamfanin American Express ya fito da nasa, kuma a shekarar ne aka soma katin da ya koma Visa a 1976. A lura kati iri biyu ne. Akwai katin bashi, watau banki ya biya maka, kai kuma ka biya shi daga baya. Akwai kuma katin da ke cire kuɗi daga asusunka kai tsaye, wanda muke kira katin ATM, shi ne ke aljihun akasarinmu a Nijeriya.

Dalili na farko shi ne la'ada. Duk cinikin da aka yi da kati, ba a ba mai kaya kuɗinsa cif-cif. Akan yanki wani abu a raba tsakanin bankin mai kati, da kamfanin katin, da wanda ya ba da na'ura. A Amurka abin da ake yanka a katin bashi yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma an daɗe da sanin American Express da yanka fiye da na Visa da Mastercard. Shi ya sa ƙananan kantuna da yawa a can suka daɗe suna ƙin sa. Wani abin lura kuma, katin da ke ba mai shi tukuici in ya yi sayayya, yawanci daga wannan yankan ake biyan tukuicin, watau daga aljihun mai kanti.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kawai ke wannan lissafi. Manyan kantunan Costco na Amurka sun yi shekaru suna hulɗa da American Express, amma a 2016 suka rabu da shi suka koma Visa. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Amazon ya ba da sanarwar zai daina karɓar katin bashi na Visa da aka yi a Ingila saboda tsadar la'ada, sai a farkon 2022 suka daidaita. Ita kuwa Tarayyar Turai, doka ta kafa a 2015, ta ƙayyade rabon bankin mai kati: kashi 0.2 cikin 100 a katin cire kuɗi, kashi 0.3 a katin bashi.

A nan gida, a 2019 Babban Bankin Nijeriya ya rage wannan la'ada daga kashi 0.75 zuwa kashi 0.5 cikin 100, ya kuma ce kada ta wuce naira 1,000 a ciniki ɗaya. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. To mu yi lissafi. A ce ka sayar da kayan naira 100,000, ribarka a ciki naira 3,000. Aka yanki naira 500. Ka ga kashi ɗaya cikin shida na ribar ya tafi ke nan. Mai sayar da turare ko yadi mai tsada ba zai ji ba, amma mai hatsi da mai albasa, waɗanda ribarsu ƙanƙanuwa ce, dole su ji a jikinsu. Wannan ne ya sa za ka ji mai kaya yana cewa a ba shi tsaba ko a yi masa tiransifa.

Dalili na biyu shi ne jinkiri. Kuɗin kati ba kullum suke shiga nan take ba. A tsarin bankuna na asali sai washegari suke faɗawa asusun mai kaya, in ranar Juma'a ce kuwa yana iya jira har Litinin, ko da yake kamfanonin na'ura na baya-bayan nan suna biya nan da nan. Mai gwari da motarsa za ta juya Arewa da asuba ba zai iya wannan jira ba. Daɗin daɗawa, ga matsalar sabis: an cire wa mai saye kuɗi, na'ura ta ce ciniki bai shiga ba, shi yana nuna alat, mai kaya yana nuna risit. A 2020 Babban Banki ya ba da umurnin a warware irin wannan cikin awa 72, amma kafin awa 72 ɗin wa zai riƙe kayan? Idan mai kaya ya lura katin wani banki ya faye yi masa haka, sai ya riƙa gudunsa.

Dalili na uku shi ne tsoron mayar da kuɗi. Mai kati yana da damar zuwa bankinsa ya ce bai san da wannan ciniki ba. In mai kaya bai iya kawo shaida ba, sai a janye kuɗin daga asusunsa, ga kaya sun tafi, ga kuɗi sun tafi. An fi jin tsoron haka a katunan ƙasashen waje, domin in na sata ne ba ka da inda za ka bi sawu.

Dalili na huɗu, wani lokaci mai kaya ba shi da laifi ko kaɗan, na'urar ce ba ta san katin ba. Kowane kati da hanyar da yake bi. Verve, wanda kamfanin Interswitch ya fito da shi a 2009, da AfriGo wanda Babban Banki ya ƙaddamar a watan Janairu na 2023, katunan gida ne, ba ko'ina suke shiga a waje ba. Na'urori da yawa a kasuwanninmu kuma ba a buɗe musu karɓar katin waje ba. Wanda ya je ƙasar Sin zai tarar ƙananan kantuna sun fi sanin UnionPay da Alipay da WeChat. Sa'an nan a 2022 bankunanmu da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje saboda ƙarancin dala, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa.

To yanzu ina muka dosa? Ga 'yan uwa masu kaya, a sani cewa ƙa'idar da Babban Banki ya shimfiɗa tun 2011 ta ce na'urar POS ta karɓi katin kowane banki na Nijeriya, kuma ba a yarda mai kanti ya ƙara wa mutum farashi don ya biya da kati ba. Wanda ya karɓi na'ura ya karɓi sharaɗinta, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai a sa la'adar cikin lissafin farashi tun farko, kamar yadda ake sa kuɗin mota da na dako. A adana risit, a kuma duba cewa kuɗi sun shiga asusu, kada a dogara da alat ɗin da ke wayar mai saye. In na'ura ta lalace ko babu sabis, a faɗa wa mutum tun kafin a soma ciniki, cikin sakin fuska. Kada mu manta da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da tsaba ta yi wuya: masu na'ura da asusu su ne suka yi ciniki, masu cewa sai tsaba kuwa, tumatir da tattasai suka ruɓe a gabansu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ga masu saye da matafiya kuma, a yi tambaya kafin a ɗaure kaya, a riƙe hanyar biya fiye da ɗaya, a kuma je banki a tabbatar katin zai yi aiki a ƙasar da za a je. Wanda aka yi wa tayin katin bashi, ya karanta sharaɗin da kyau, domin akasarinsu akwai kuɗin ruwa in an yi jinkirin biya, sai ya tuntuɓi malamai kafin ya sa hannu. Idan kuwa an ƙi katinka, ka yi wa mai kaya uzuri, lissafinsa yake yi, ba mutuncinka yake aunawa ba.

Duk wanda rikicin kati ya haɗa shi da abokin ciniki, muna roƙon ya kawo maganar gaban kwamiti da risit ɗinsa, kafin ta kai ga ofishin 'yan sanda. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.